Shafi Goma Sha Ɗaya na Ƙarshe

Ku matso kusa, yau babu doguwar gaisuwa. Masu cewa iyayi ne ya hana ni aure, ku gyara zama, kun samu abin faɗa. Amma ku ji ƙarshen zancen kafin ku yanke min hukunci.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a wani kantin sayar da magani. Yayyena mata biyu tuni suna ɗakunansu, ni kaɗai na rage a gaban Umma, kuma ba ta taɓa barina na manta da hakan ba. Abba ya rasu shekara uku ke nan. Babban abin da ya bari shi ne littattafai, kabad biyu maƙil a falonsa, tsofaffi, takardarsu har ta yi ja.

Wata biyar da suka wuce na ga kyankyasai sun fara cinye min littattafan gadon nan, na ce ina, ba da ni ba. Na kafa 'yar ƙungiyar karatu. Tsoffin littattafan nan kawai muke karantawa, irin waɗanda iyayenmu suka haddace a makaranta, mu kuwa sunayensu kawai muka sani. Da yake kwafi ɗai-ɗai ne, littafi zagayawa yake yi. Kowa kwana uku. In ka gama sai ka rubuta sunanka da fensir a cikin bangon gaba, ka miƙa wa na bayanka a layi. Ba a tsallake layi, ko wane ne kai. In ya zagaye kowa, sai mu haɗu ranar Laraba da yamma, ranar hutuna, a falon Abba, mu yi ta tafka musu a kansa. Mu bakwai ne: ni, ƙawata Nas, Anti Tela maƙwabciyarmu, Baba Hedimasta aminin Abba, wasu malaman firamare mata biyu, sai na bakwai da zan gaya muku yanzu.

Umma kuwa ba ta da sunan da take kiranmu da shi sai 'yan zaman kashe wando. "Sa'anninki na tara kayan ɗaki," in ji ta, "ke kina tara min masu lasar yatsa suna buɗe takarda." Ban taɓa ganin Umma riƙe da littafin labari ba tun da nake.

Na bakwai ɗin shi ne Lauya. Dogo, fes-fes, irin mazan nan da ko ruwan sama bai isa ya ɓata musu guga ba. Wata takwas yana zuwa wurina, ban taɓa kama shi da wani abin assha ba, kuma kada in yi muku ƙarya, ina son sa. Da na ga sunansa a waya sai in tsinci kaina ina murmushi kamar wata sokuwa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya yarda a kayar da shi a musu. Ko a kan launin labule ne sai ya kai ka ƙasa.

Da Umma ta matsa, shi ma ya matsa, sai na ce masa abu ɗaya nake so. Ba mota ba, ba sabuwar waya ba. Ya shiga layi kamar kowa ya karanta littafin wannan watan. Littafin kuwa ba kowanne ba ne. Mai koren bango ne, wanda Abba ya karanta min ina 'yar shekara tara a gadon asibiti, lokacin da wani zazzaɓi ya kusa tafiya da ni. Labarin 'yar wani mai gyaran agogo ne, da ta hau jirgin ƙasa neman yayanta a wani gari mai nisa, uban kuma kullum yana tasha yana jiranta. Na ce wa Lauya, "In ka karanta shi ka san ni. In ba ka karanta ba, fuskata kawai ka sani."

Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake cinye fayil mai shafi ɗari biyar kafin alƙali ya zauna? Miƙo."

Ya yi kwana ukunsa, ya dawo da shi, ga sunansa ɗare-ɗare a bangon gaba da sa hannun nan nasa mai jela. A ranar na ce wa Umma to, na amince. Aka tsayar da Asabar ɗin nan manyansa za su zo.

Abu ɗaya nake so ku riƙe game da wannan kwafin namu. Shafi goma sha ɗaya na ƙarshensa babu su. A madadinsu takardun littafin rubutu ne aka manna, cike da rubutun hannun Abba da shuɗin biro. Tun ina ƙarama haka na san shi. Abba ya ce min shafukan ne suka yage, shi ne ya kwafo su. A nan ne yarinyar take saukowa daga taragon ƙarshe, ta rame, takalminta ɗaya ya tsinke, uban ya rungume ta. Na karanta wurin ya fi sau hamsin.

To, yau Laraba. Saura kwana uku Asabar.

Tun da safe gidan ya hargitse. Umma ta sa an sauke tsoffin labulen falo an rataya masu ruwan madara, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai za a yi baƙin kunya ko abin alfahari. Ina cikin goge kabad saƙon muryar babbar yayata ya shigo.

"Auta, wai yau ma akwai zaman littafin naku? Saura kwana uku fa. Don girman Allah ki rufa mana asiri, kada ki je ki yi wa bawan Allah jarrabawa a gaban mutane. Na san halinki sarai."

Na ajiye wayar na ci gaba da gogewa. Sai ga na Lauya: "Barka da safiya, Shugaba. Ɗalibinki ya shirya tsaf. Yau za ki ga yadda lauya ke kare littafi."

Na rubuta masa, "Allah ya ba mai rabo sa'a, yallaɓai." Har da 'yar fuskar dariya na tura. Wayyo ni.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, wadda ya taɓa cewa tana mai da ni shugabar makaranta, na yafa farin mayafi. Na jera kujeru bakwai, na ɗora mai koren bango a tsakiyar teburin Abba, kusa da gwangwanin fensira da ɗan abin gogewa. Ƙarfe huɗu da rabi kowa ya hallara. Lauya ne ya shigo ƙarshe, cikin fararen kaya, turarensa ya riga shi sallama. Ya durƙusa ya gai da Baba Hedimasta, ya tsokani Anti Tela wai yaushe za ta gama masa ɗinkin da bai kawo ba. Malaman nan biyu sai zungurar juna suke yi suna kallona.

Da yake shi ne baƙo, shi aka fara ba wa fili. Jama'a, mutumin nan ya iya baki. Ya miƙe ya yi magana a kan agogo da jira, wai uban na gyara lokacin mutane amma nasa ya tsaya cak. Ya kawo sunan yayan, ya kawo na mai sayar da tikiti, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Nas ta raɗa min, "Ke, wannan ko ba ki so ni ina so." Na kai mata duka a cinya, amma a raina ji nake kamar in tashi in yi guɗa.

Sai Anti Tela ta karɓa. Ita ba ta iya dogon turanci da Hausa ba, abin da ke ranta take faɗa.

"Ni dai wallahi wurin da ta sauko daga jirgin nan ne ya gama da ni. Ina kan keke na ajiye ɗinki na yi kukana ya ishe ni. Takalmi ɗaya a tsinke, baiwar Allah!"

Lauya ya ɗan karkata kai. "Wa ya sauko, Anti?"

"Yarinyar mana."

Ya yi murmushin nan nasa na kotu. "Anti, ina jin kin haɗa da wani littafin. Ai ba ta dawo ba. A can ta mutu, a asibitin garin. Wasiƙa kawai ta iso, uban kuma bai daina zuwa tasha ba."

Nas ta damƙe min yatsa. Na san abin da nake ji, amma zuciyata ta ƙi karɓa, sai na buɗe masa ƙofar gudu.

"Lauya," na ce a hankali, "ko dai ka manta ne? Aiki ya yi maka yawa makon nan."

Da ya kalle ni da kyau a lokacin, da ya ga roƙonsa nake yi. Da ya ce, "Ƙila kuwa," da an wuce wurin, da ni da shi mun yi tamu daga baya. Amma ina! An taɓa masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"Haba Shugaba, ni zan manta ƙarshen labari? Ta mutu. Shi ya sa ma littafin ya yi suna."

"Ta dawo," in ji ɗaya daga cikin malaman. "Jiya-jiya na sake duba wurin a hoton da na ɗauka."

"Ku shida za ku taru a kaina, ko?" Yana dariya yana laluben aljihu. "To bari hujja ta yi magana."

Ya fito da wayarsa. Ko nema bai yi ba, shafin a buɗe yake, yatsa biyu kawai ya taɓa. Ya juyo mana da fuskar wayar yana bin mu da ita ɗaya bayan ɗaya. Ni ce kusa da shi, ni na fi kowa gani. Taƙaitaccen labarin ne, babi bayan babi, irin wanda 'yan makaranta ke haddacewa ana gobe jarrabawa. Har maganar agogon da ya tsaya cak tana nan a sakin layi na biyu.

"Babi na ƙarshe," ya karanta da ƙarfi. "Bayan rasuwarta, ma'aikaciyar asibitin ta aika da wasiƙa..." Ya ɗago yana jiran tafi.

Babu wanda ya tafa. Ni kuwa kunya ce ta lulluɓe ni tun daga ka har ƙafa, kamar ni na yi.

Baba Hedimasta ne ya gyara murya. Tun da aka fara bai ce komai ba, yana zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"Ɗana, gaskiyarka," ya ce. "Haka marubucin ya ƙare shi. Shekara goma sha biyu na yi ina koyar da littafin nan, na sani."

Lauya ya buɗe hannu yana kallonmu. "Kun ji ko?"

"Amma ba shi aka ba ka ba." Baba ya miƙa hannu ya jawo mai koren bango, ya kifa shi, ya buɗe ta baya, ya tura masa. "Wannan aka ba ka."

Na ga idon Lauya ya sauka a kan shuɗin rubutun Abba. Na ga ya karanta layi ɗaya, biyu. Murmushin ya zame daga fuskarsa a hankali. Ya juya shafin, ya sake juyawa, ya dubi inda aka manna. Sai ya kife wayar a cinyarsa, kamar yanzu ne za ta ɓuya.

Amma ni a lokacin ba ta shi nake yi ba. Wata magana ce ta tsaya min a rai.

"Baba, me kake nufi da haka marubucin ya ƙare shi? Abba kwafowa ya yi. Shi da bakinsa ya gaya min."

Tsohon ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin rigarsa. "Wannan ba ni zan amsa miki ba, Auta." Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa.

Umma ce tsaye a wurin da tiren shayi. Ban san tun yaushe take nan ba. Ta ajiye tiren a kan ƙaramin tebur, ta juya ta fita ba ta ce da kowa sannu ba.

"Auta, ki saurare ni," in ji Lauya, murya ƙasa-ƙasa. "Shari'a uku gare ni a makon. Wallahi na buɗe shi, na yi shafi goma sha wani abu, barci ya ɗauke ni. Na ga kwana ukun sun cika, ban so in ba ki kunya ba."

"Da ka ce min ba ka samu lokaci ba, da na mai da kai ƙarshen layi, shi ke nan." Na ƙi barin hawayen ya zubo. "Amma sunanka ka rubuta. Ka sa hannu. Kai da ka fi kowa a ɗakin nan sanin nauyin sa hannu."

Ya miƙe ya yi wa Baba sallama ya fita. Sauran ma kowa ya lallaɓa ya nemi takalminsa. Anti Tela ta dafa kafaɗata ta ce, "Ni dai a wurina ta dawo," ta wuce. Nas ta so ta tsaya, na ce ta je, zan kira ta.

Na ɗauki littafin na nufi ɗakin Umma. Tana zaune a bakin gado, sabbin zannuwan da ta saya don Asabar a ninke kusa da ita. Ban gama shiga ba ta tare ni.

"Kin ji daɗi? Hankalinki ya kwanta? Kin tara mutane kin tozarta yaro a kan takarda."

"Shi ya fito da wayarsa, Umma, ba ni ba."

"Mutum mai mutunci, mai sana'a, mai ganin girmana. Me zan ce wa uwarsa? Me zan ce wa kawunnanki da na riga na gaya wa? In ce an fasa saboda bai yi aikin gida ba?"

"Umma, ina shafukan?"

Ta kai hannu tana gyara ninkin zannuwan.

"Baba Hedimasta ke ya kalla. Ina shafi goma sha ɗayan nan?"

Ta daɗe tana kallona, kallon da ban san ta da shi ba. Sai ta sunkuya ta jawo tsohuwar akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado, wadda ko mu 'ya'yanta ba ma taɓawa. Ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga takardun haihuwarmu, ta zaro wata ambulan da ta yi laushi don tsufa, ta ajiye min a cinya. Na leƙa. Shafuka ne bugaggu, jajaye, gefensu a yage ba daidai ba, irin yagar wanda ya fizga da ƙarfi.

"Ni na yage su," ta ce. "A barandar asibiti."

Na zaro shafukan ina juya su a hannuna.

"Kwana goma sha tara kika yi a kwance. Ba ki ci, ba ki sha, ƙashi da fata. Abu ɗaya ke sa ki buɗe ido, in babanki ya zo da yamma da littafin nan. Kullum tambayarki ɗaya: Abba, za ta koma gida? Abba, za ta koma gida? Ranar da likita ya ja mu gefe ya ce mu yi ta addu'a, ranar babanki ya gaya min yadda labarin ya ƙare. Wai a gadon asibiti ta mutu. Na ce wallahi ba a kunnen 'yata ba. Na fizge littafin na yage."

"Shi ne Abba ya ƙirƙiro wani..."

Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Babanki? Mutumin da ko ce wa baƙo ba ya gida bai iya ba? Zama ya yi da biro yana zufa, ya kasa rubuta ko layi ɗaya. Ni na faɗa, shi ya rubuta. Taragon ƙarshe, ni ce. Takalmin da ya tsinke, naki ne, wanda muka kai ki asibiti da shi. Ni na dawo da ita gida."

Jama'a, a nan ne kukan ya ƙwace min. Shekara goma sha tara ina rungume da shafukan nan ina cewa Abbana, Abbana. Na kafa ƙungiya a kansu, na auna miji da su. Ashe matar da nake ganin ba ta san daɗin littafi ba, wadda nake jin haushinta in ta kira mu 'yan zaman kashe wando, ita ce ta rubuta wurin da na fi so a duk abin da na taɓa karantawa. Na kifa kaina a cinyarta na yi mai isata, ita kuma tana shafa bayana tana cewa ya isa, ya isa.

Amma Umma ai Umma ce. Ban gama share hanci ba ta dawo kan bakanta.

"To kin gani. Mu ma ƙarya muka yi miki, ga ki nan da ranki. Shi ma don yana son ki ya yi. Ki bari a yi Asabar ɗin nan lafiya, littafi ba gudu zai yi ba."

Na ɗago. "Ba ɗaya ba ne, Umma. Ku don in tashi kuka yi. Shi don ya huta ya yi."

"Auta."

"Yau littafi ne. Gobe in na tambaye shi abin da ya fi littafi, ya sa min hannu da murmushi, ta yaya zan gane? Babu Baba Hedimasta a gidan aure da zai buɗe min ta baya." Na riƙe hannunta. "Wancan ƙarshen kin rubuta min, na gode har in mutu. Wannan ki bar min in rubuta da kaina."

Ta zare hannunta ta kau da kai. Wayata ta yi ƙara a cikin mayafi. Saƙon Lauya ne.

"Ban tafi ba. Ina ƙofar gida. Minti biyu kawai."

Na wanke fuska, na ɗauki littafin, na biya falo na ɗauki abin gogewar nan. Rana ta yi sanyi, masu dawowa daga aiki na ta wucewa a layinmu. Yana jingine da motarsa, ya cire hula, farar rigar ta yamutse ta baya. Ban taɓa ganin sa a yamutse ba.

"Ba kare kaina na zo yi ba," ya ce. "Na yi ƙarya, kuma na yi wauta a kan ƙaryar. Ki ba ni littafin. Yau Laraba. Alhamis, Juma'a, kafin su iso ranar Asabar na gama shi, kwana uku cif. Ki yi min tambaya a kan kowane shafi."

Wallahi saura kaɗan in miƙa masa. Hannuna har ya motsa. Idonsa ya yi ja, kuma ina son mutumin nan, na gaya muku tun farko. Da na miƙa, da Umma ta yi barci da daɗi, da yayata ta turo min addu'a mai tsawon minti biyar.

"Akwai layi," na ce.

"Layi?"

"Abokan aikin Nas huɗu sun ba da sunansu makon jiya za su shigo ƙungiya, suna jiran littafin nan. Kowa kwana uku. Kwana goma sha biyu ke nan, sannan ya zo kanka."

"Auta, Asabar fa?"

"Asabar ba za ta yiwu ba."

Na ga musun ya taso masa. Na ga ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa, na san har ya jera hujja ta ɗaya da ta biyu da ta uku: mahaifiyarsa ta gaya wa dangi, kawunsa ya taso daga nesa, doka ai mutum ya yi ta. Na tsaya ina jira. Na ce a raina in ya fara, to mun gama. Sai ya sauke yatsan a hankali.

Na buɗe bangon gaba na miƙa masa, da abin gogewar a kai. Ya kalli sunayen nan bakwai, ya kalli nasa a ƙasa da jelarsa. Ya ɗora littafin a kan mota ya goge, a hankali don kada takardar ta huje, ya hure, ya sake gogewa har babu alama. Ya miƙo min da hannu biyu.

"Kwana goma sha biyu," ya ce, kamar mai auna nauyin kaya.

Bai ce zai jira ba. Bai ce ba zai jira ba. Ya shiga mota ya ja, ni kuma na tsaya har ya sha kwana.

Da na koma ciki Umma na tsaye a tsakar falo, tsakanin kujerun nan bakwai da shayin da ba wanda ya sha. Wayarta na ringi a hannunta. Ta juyo min da fuskar wayar. Mahaifiyar Lauya ce. Kullum war haka take kira su tsara Asabar, mota nawa, mutum nawa, ƙarfe nawa. Da gani ɗanta bai kai ga gaya mata komai ba.

"Umma, ki ɗauka mana," na ce.

Ta girgiza kai. Idonta ya kumbura, amma muryarta ko gezau. Ta kamo hannuna ta danƙa min wayar tana ta ringi.

"Ba ke kika ce ke za ki rubuta ba? Ungo. Rubuta."

Na kalli Umma, na kalli wayar. Na rungume littafin a ƙirji da hannu ɗaya, na yi bismillah, na danna.

"Salamu alaikum, Mama. A'a, ba Umma ba ce, ni ce. Game da Asabar ne."